Tambayoyinku kan Lafiya: Kumburin Iska Daban, Ruruwar Hanji Daban

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan watan kan ciki suke, kuma kalmar "kumburi" ta fito a kusan kowacce. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su saboda fili.

Assalamu alaikum. Kusan kullum in na ci tuwon dare sai cikina ya kumbura tim kamar ganga, in yi ta gyatsa. An turo mana saƙon murya a WhatsApp, mai maganar yana cewa kumburi ne uwar dukkan cututtuka, har da kansa da ciwon suga. Ke nan ni ma ina kan hanya? Wata matar aure daga Gusau.

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Hausa ce ta zuba abu biyu a ƙwarya ɗaya. Abin da kike ji iska ce: wadda kika haɗiya wajen cin abinci da sauri, da wadda ƙwayoyin bakteriyar babban hanji ke fitarwa in suna aiki a kan abinci. Abin da mai saƙon yake nufi, in ma ya san abin da yake nufi, wani abu ne daban. Shi ne ruruwar nama, irin wadda ake cewa miki ya ruru.

Dubi yatsar da sartse ya shiga. Kafin a jima wurin zai yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa, ya riƙa zugi. Waɗannan alamu huɗu wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa su kusan shekara 2,000 da suka wuce, kuma har yau su ake koya wa ɗaliban likitanci. Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata. Akwai ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a cikin nama suna gadi. Da sun ji an keta fata sai su saki sinadarai, ciki har da histamin. Ƙananan jijiyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya ƙaru: ga ja, ga zafi. Bangon jijiyoyin ya saki, ruwan jini ya tsattsafo cikin nama: ga kumburi. Wasu sinadaran, musamman wanda ake kira furostagilandin, su tsokane jijiyoyin ji: ga zugi. Ki riƙe sunan nan, zai dawo a amsa ta gaba.

Cikin 'yan sa'o'i fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil sun cika wurin, suna haɗiye ƙwayoyin cuta suna mutuwa a kai. Mugunyar da ake matsewa daga maruru gawarwakinsu ce haɗe da na abokan gabarsu. Bayan kwana ɗaya ko biyu wasu manya, makrofaj, su zo su share wurin, su ba da umarnin gyara. In faɗan ya yi girma saƙonsa yana bin jini: ya je ƙwaƙwalwa a yi zazzaɓi, ya je hanta ta fitar da wani furotin da ake auna shi a asibiti da sunan CRP. Kaluluwar da ke fitowa a hammata in yatsa ya ruru, ita ma sansanin garkuwa ce ta cika da mayaƙa.

Ashe ke nan ruruwa ba cuta ba ce a karan kanta. Wanda jikinsa ba ya iya ta, ƙaramin yanka sai ya kashe shi. Matsala tana zuwa in an ƙi cire sartsen. Faɗan da ya kamata ya ƙare a mako guda sai ya yi wata da watanni, garkuwar ta riƙa cin naman da ta zo karewa, tabo ya maye gurbin nama mai aiki. Nan ne maganar mai saƙon take da ƙamshin gaskiya: kitsen teɓa, alal misali, yana fitar da irin waɗannan sinadarai a hankali ba dare ba rana, kuma hakan yana da hannu a ciwon suga da ciwon zuciya.

Shi kuwa hanji, a nan garkuwa ta fi shan aiki. Ƙaramin hanji ya kai wajen mita 6, babba mita 1 da rabi, kuma in aka shimfiɗa cikinsu zai rufe kusan murabba'in mita 30, wato daɓen babban ɗaki. Abin da ya raba jininki da abin da ke cikin hanji layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, wanda ake sabunta shi duk kwana 3 zuwa 5. A samansa akwai shafen majina, a bayan majinar kuma ƙwayoyin bakteriya tiriliyoyi, yawancinsu masu amfani. Duk abin da ya kankare majinar nan, ko ya tsaga layin, ko ya kashe masu amfanin ya bar miyagu, ya buɗe ƙofar ruruwa.

Naki dai, yadda kika bayyana shi, ya fi kama da iska. Rage girman loma da sauri, ki bar awa 2 zuwa 3 tsakanin tuwo da kwanciya, ki ajiye lemon kwalba da cingam, ki lura ko bayan gida yana yi miki tauri. Amma in kumburin ba ya sauka ko da safe, ko kina ramewa, ko kina ƙoshi daga loma uku, ko akwai jini, ki je a yi miki hoton ciki, a duba har da mahaifa da ƙwan haihuwa.

Ni lebura ne a kasuwar hatsi. In na tashi aiki ina sayen haɗin maganin ciwon jiki a kemis, ƙwaya huɗu a ƙulle a leda, an ce mini na kumburi ne. Na fi shekara ina sha. Yanzu ƙirjina yana zafi, kuma kwana uku ke nan bayan gidana baƙi ne wuluk kamar kwalta. Wani magidanci daga Dawanau.

Malam, kada ka jira fitowar mujalla ta gaba, kuma muna fata ba ka jira wannan ba. Bayan gida baƙi mai danƙo da wari na daban jini ne da ya zuba a tumbi ko farkon hanji, ya narke kafin ya fito. Ka daina shan haɗin, ka je asibiti yau. In kana jin jiri in ka miƙe, ko zuciya na bugawa da sauri, ko ka yi aman jini ko mai kama da garin kofi, a ɗauke ka, kada ka hau babur da kanka. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ta sa shi danƙo da irin wannan warin.

Yadda abin yake: a irin wannan ƙulli akan tarar da diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam ko asfirin, wani lokaci biyu daga cikinsu a tare. Duk aikinsu ɗaya ne, hana jiki yin furostagilandin, shi ya sa zugin baya da gwiwa ke lafawa. To amma a tumbi wannan sinadarin mai gadi ne. Shi ke sa a shafa majina, a fitar da abin da ke kashe kaifin ruwan tsami, a kai jini ga bangon tumbi don ya gyara kansa. Ƙwayar ba ta san gwiwa daban tumbi daban ba, ko'ina take kashe shi. Sai ruwan tsamin da ke narkar da nama ya samu bango tsirara. Maganin kumburi ya zama shi ya haifar da gyambo. Cin abinci kafin sha yana rage zafin, ba ya hana ɓarnar, domin ta jini take zuwa. Allurar diclofenac ma tana yin haka.

Haɗarin yana ninkuwa in an haɗa iri biyu, ko aka haɗa da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda wasu ke sha don ƙiba, ko mutum ya haura shekara 60, ko yana shan taba. Ƙoda ma tana shan wuya, musamman ga mai aikin ƙarfi cikin rana da ba ya shan ruwa sosai. Bayan an sallame ka, in ciwon jiki ya matsa, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi: giram 1 a lokaci guda, kada ya wuce giram 4 a yini. Kuma kada ka ƙara karɓar ƙwayar da aka ɓare daga kwalinta ba ka san sunanta ba.

Baba, shekara shida ke nan ina fama da olsa. An ce zama da yunwa ne ya jawo mini lokacin ina makarantar kwana. Ina shan madara da ruwan kanwa in ta tashi, tana lafawa ta dawo. Shin ba a warkewa ne? Wata ɗaliba daga Maraɗi.

Ana warkewa, 'yata, in an kashe abin da ya kawo ta. Yunwa tana tayar da zafin gyambon da ke nan, amma ba ita ta haƙa shi ba, haka ma yaji. Mafi yawan gyambon ciki abu biyu ke kawo shi: irin ƙwayoyin maganin ciwon jikin da muka ambata a sama, da wata bakteriya mai suna Helicobacter pylori. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kurɓi ruwan da aka raina ta a ciki a 1984, ya kamu da ruruwar tumbi cikin 'yan kwanaki. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel.

Yawanci tun yarinta ake ɗaukar ta, ta ruwa ko abinci ko daga 'yan gida. Tana kutsawa ƙarƙashin majinar tumbi, ta kewaye kanta da sinadarin da ke kashe tsami. Garkuwa ta zo ta kasa fitar da ita, ta kuma ƙi tafiya: sartsen da ba a cire ba ke nan, shekara da shekaru. Yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin komai. Wasu su yi gyambo, kaɗan kuma, bayan dogon lokaci, kansar tumbi.

Nemi gwajinta a bayan gida ko na numfashi. Gwajin jini ba ya bambance wadda ke nan da wadda ta wuce. Kafin gwaji a dakatar da masu rage tsamin ciki, wato omeprazole da danginsa, mako 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, in ba haka ba sakamako zai ce babu alhali tana nan. In an same ta, magani na kwana 14 ne: mai rage tsami ɗaya da masu kashe ƙwayar cuta biyu, misali omeprazole miligiram 20, amoxicillin giram 1, clarithromycin miligiram 500, kowanne sau 2 a rana. Inda ƙwayar ta saba da waɗannan, likita yakan ba da haɗin guda huɗu. Inda ake faɗuwa sananne ne: zafi ya tafi a rana ta huɗu, baki ya yi ɗaci, sai a ajiye sauran. Waɗanda suka tsira daga cikin ƙwayoyin su ne masu taurin kai, karo na biyu ya fi wuya. Bayan an gama da aƙalla mako 4 a sake gwaji a tabbatar ta tafi.

Madara tana sanyaya na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo da tsami. Kanwa kuwa tana kashe tsamin nan take, amma gishiri ce, tana cika ciki da iska, kuma ba ta dace da mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba. Duk biyun ba su taɓa ƙwayar cutar.

Ɗana shekararsa 2, kusan duk wata sai ya yi gudawa. Ina ba shi Flagyl na ruwa ta tsaya, sai ta dawo. Yana cin abinci amma sa'anninsa duk sun fi shi tsawo. Wata uwa daga Azare.

Maman yaro, wannan tambayar ta fi sauran nauyi. Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba, cike yake da 'yan yatsu-yatsu kamar gashin tawul, su ke tsotse abinci. Yaron da ke yawan haɗiyar ƙazanta, daga ƙasar da yake rarrafe a kai, da kashin kaji a tsakar gida, da ruwan randa da kowa ke tsoma moɗa, hanjinsa yana zama cikin ruruwa ko ranar da ba ya gudawa. Yatsun nan su gajarce su daƙushe kamar tsohon tawul. Abincin yana shiga, kaɗan ke kai wa jini, abin da ya kai kuma garkuwa ta cinye rabonta wajen faɗa. Wannan yana cikin dalilan tsumburewar yara, ko a gidan da ba a rasa abinci ba.

Mafi yawan gudawar ruwa a yara ƙanana bairos ne ke kawo ta, kuma Flagyl ba ya taɓa bairos. Da kanta take tsayawa a kwana 3 zuwa 7, sai a ba maganin yabo. Abin da ya yi shi ne kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, wata bayan wata. Ga abin da ke aiki: ruwan gishiri da sukari na leda, a zuba leda ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. In babu na leda, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. In gishirin ya yi yawa illa yake yi, ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Ki ba shi rabin kofi zuwa kofi ɗaya bayan kowace gudawa, da cokali, a hankali. In ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar. Sannan ƙwayar zinc miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya, domin tana taimaka wa bangon hanji ya farfaɗo, tana kuma rage dawowar gudawa a watannin da ke biye. Kada a daina ba shi abinci, kada a ba shi maganin tsayar da gudawa irin na manya.

In akwai jini da majina, atuni ne, nan kam yana buƙatar maganin kashe ƙwayar cuta, amma wanda ma'aikacin lafiya ya zaɓa. Haka kuma a kai shi asibiti in idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko gudawar ta kai kwana 14. Ki kai shi a auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi uku: ƙasa da santimita 12.5 akwai tamowa, ƙasa da 11.5 ta yi tsanani. A ba shi maganin tsutsar ciki. In yana da ƙane ko ƙanwa a goye, rigakafin gudawa na rota da ake ɗigawa a baki ya shiga jerin rigakafin yara a Najeriya tun 2022.

Wata biyar ina ganin jini da majina a bayan gida, ina zagayawa sau shida ko bakwai, har cikin dare. Na sha maganin basir na gargajiya har jarka uku, na sha na atuni. Na rame. Wani matashi daga Kumasi.

Ɗan'uwa, basir ya ɗauki laifin da ba nasa ba a gidaje da yawa. Jininsa ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama ko a gan shi wajen tsarki. Ba ya ta da mutum zawo cikin dare, ba ya ramarwa. Jini gauraye da majina na tsawon watanni yana nuna bangon babban hanji ne ya ruru, kuma sai an gano dalili.

Za a fara da gwajin bayan gida don neman amiba, wata ƙwayar cuta mai kawo atuni, da ƙwan tsutsotsi; in kana shiga rafi ko fadamar noman rani ka faɗa, domin akwai 'yar'uwar tsargiya da ke kama hanji. A auna yawan jini da CRP, a yi gwajin ƙanjamau. In waɗannan ba su ba da amsa ba, sai a leƙa hanjin da bututu mai kyamara a gutsuro ɗan nama a duba. Akwai cututtuka biyu da garkuwa ke juyowa kan hanjin mai ita ba tare da baƙon da za a kora ba. Ɗaya tana farawa daga dubura ta hau sama a jere, a babban hanji kawai. Ɗayar, wadda aka sa wa sunan likitan Amurka Burrill Crohn da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932, tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, tsalle-tsalle, kuma tana cin bangon har zurfi. Sun fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 35. Ba a raba mutum da su kwata-kwata da ƙwaya, amma ana kwantar da su ya yi rayuwarsa.

Dalilin da ya sa muke nacewa kan gwaji: tarin fuka yana kama hanji, kuma yana kama da ta Crohn ƙwarai. Maganin ta Crohn danne garkuwa yake yi. In aka ba mai tarin fukan hanji ko mai amiba, an kwance wa kura takunkumi. Kansar hanji ma tana zuwa da wannan kama, kuma ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. Kafin ka ga likita ka guji diclofenac da danginsa.

Wane abinci ne ke kashe kumburin hanji? Kuma wankin ciki duk wata yana da amfani? Wani malamin makaranta daga Zariya.

Malam, wankin ciki dai a'a. Hanji ba bututun kwata ba ne da datti ke manne masa. Mun faɗa a sama cewa bangonsa sabo ne duk 'yan kwanaki. Filasko da makamantansa tsokanar hanji suke yi ya matse da ƙarfi, su fitar da ruwa da gishirin jiki, kuma mai yawan sha yakan kai ga ba ya iya bayan gida sai da su.

Abinci kuwa ba ya kashe Helicobacter ko amiba, amma shi ke riƙe katangar. Ƙwayoyin babban hanji masu amfani harza suke ci, wato ɓangaren tsiro da tumbi ba ya narkarwa. In sun ci sai su fitar da wani sinadari, butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanji, yana kuma lallashin garkuwa. In aka bar su da yunwa, wasunsu sukan koma cin majinar da ke kare bangon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na harza da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da wajen giram 11. Sauran ya fito daga gero da dawa da ba a surfe su fes ba, kuɓewa, kuka, zogale, rama, gyaɗa, aya, gwaba, dankalin Hausa. Abin takaici, teburin mai albashi ne ya fi talaucin harza: farar shinkafa, burodi, taliyar leda, lemon kwalba. Kindirmo da nono suna da amfani in an dafa madarar kafin a ɗaura ta, kuma ba a tsinka su da ruwan da ba a yarda da shi ba. Citta tana rage tashin zuciya. Kurkur a miya ba laifi, amma kada a ajiye maganin asibiti saboda shi.

Wanda bai saba ba ya ƙara harza a hankali cikin mako 2 zuwa 3, da ruwa isasshe, in ba haka ba iska za ta dame shi. Wake kuma a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa da sabo har ya yi luguf. Mai ruruwar hanji da ke tsakiyar tashi, ko wanda aka ce hanjinsa ya tsuke, shi kam ya rage harza har sai likitansa ya ce ya koma.